Tayar da wuta bayan layin ƙasa ya durƙushe: SCADA ko PMU?

Duk lokacin da babban layin wutar ƙasa ya durƙushe, ɗalibai masu karanta injiniyan lantarki a Gombe sai su yi ta tambayata: wane ma'auni ya fi dacewa wajen tayar da tashoshi, SCADA ko PMU?

Yawancin tashoshin gas ba sa iya tashi da kansu, sai an ba su wuta. Shi ya sa ake farawa da tashar ruwa irin Kainji ko Shiroro, wadda ƙaramin janareta ya ishe ta buɗe ƙofofin ruwa. Wuyar aikin tana wajen haɗa yankuna biyu da suka tashi daban. Dole ƙarfin wuta, zagaye 50 a sakan, da kusurwar igiyar wutar (wato matakin da wutar take a cikin zagayenta) su daidaita a ɓangarorin biyu kafin a rufe makunni. In aka yi gaggawa, injin na iya lalacewa, wuta ta sake ɗaukewa.

SCADA, tsarin kwamfuta mai sa ido kan tashoshi da sarrafa su daga nesa, tana kawo rahoto bayan sakan 2 zuwa 4, kuma ba ta nuna kusurwa kai tsaye. Inda aka riga aka girka ta, ma'aikata sun saba da ita, babu sabon kashe kuɗi.

PMU kuwa, na'urar da ke auna ƙarfin wuta da kusurwarta, tana aunawa sau 25 ko 50 a sakan, kowane awo da agogon GPS. Mai kula da layi zai ga bambancin kusurwa tsakanin Jos da Gombe a lokaci guda. Wannan ne ya fi burge ni. Amma tana son layin sadarwa mai ƙarfi, batir da ba ya mutuwa cikin duhu, da horar da ma'aikata.

Ƙaramar tasha mai haɗuwa ta wuri ɗaya, SCADA da na'urar daidaitawa sun wadatar. Masu dogayen layukan 330kV su ne PMU ta fi yi wa amfani.