Lowa am sukutum ko bushin kaɗai: wanne za ka saya?

Mota ta faɗa rami ka ji "ƙwam" daga ƙasan gaba, ko ka taka birki sitiyari ya ɗan karkata, ko ka duba taya ka tarar gefen ciki ya cinye na waje yana nan garau. Sau da yawa laifin yana wajen lowa am, wato ƙarfen nan mai kama da baka da ke haɗa ƙafar mota da shasi. Shi kansa ƙarfen da wuya ya lalace sai in ya lanƙwashe ko tsatsa ta ci shi. Abin da ke mutuwa shi ne robar bushin da ke ɓangaren shasi, da bol jon, wato gaɓar ƙarfe mai kai kamar ƙwallo da ke ɓangaren taya.

Don haka kafin ka ciro kuɗi, a ɗaga motar a sa ƙarfe a banƙara am ɗin kana kallo. Ƙananan tsagu a saman roba ba abin damuwa ba ne. Amma in robar ta rabu da bututun ƙarfen da ke tsakiyarta, ko ta yage, ta gama aiki. Daga nan a girgiza taya a ga ko bol jon yana wasa. Amsar da ka samu a nan ita za ta zaɓa maka.

In bol jon lafiya lau yake kuma am bai lanƙwashe ba, bushin kaɗai ya wadatar, kuma shi ya fi araha. Sai dai akwai sharaɗi: da injin matsi ake cire tsohon a sa sabo. Bakaniken da zai ɗora shi a kan dutse ya bi da guduma zai iya faɗaɗa ramin am ɗin, sabon bushin ya riƙa rawa a ciki. Wasu bushin ma suna da gurabe a jikin robar da kibiya mai nuna inda za su fuskanta. Aka juya su, aikin ya ɓaci. Ka lissafa kuɗin aikin matsin ma, domin wani lokaci da shi da na bushin sai su kusa kamo kuɗin am sabo.

In kuwa bol jon ma ya gaji, ka duba yadda aka haɗa shi. A wasu motoci da noti aka ɗaure shi, ana canza shi shi kaɗai. A wasu, musamman masu am na alminiyam, haɗe yake ba ya fita. Irin wannan ba gardama, am sukutum za ka saya.

A nan ne mutane ke faɗawa tarko. Am mai arha yakan yi kyau a ido, fenti baƙi sumul, sai ka ɗauka ka yi riba. Ƙarfen ba shi ne matsalar ba, robar da bol jon ɗin da ke jikinsa su ne ba su da ƙarko. Ni a ganina gara tsohon am na asali da bushin mai kyau a kan sabon am marar suna. Lemförder da TRW suna yi wa kamfanonin motocin Turai kaya tun daga masana'anta. Na motocin Japan akwai 555, na Koriya akwai CTR, a Amurka kuma an san Moog. Sunan da ya yi fice shi ake yi wa jabu, saboda haka ka duba tambarin da aka buga a jikin ƙarfen, kada ka tsaya a kwali. Kuma ka yi oda da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, don mota ɗaya ta shekara ɗaya tana iya zuwa da am iri biyu.

Sai irin bushin. Na roba zalla shi ne na yau da kullum, yana shanye girgiza ba ya ƙara. Akwai mai ruwa a ciki, irin na BMW E46, wanda ya fi laushi a kan hanya amma da ya fashe ka ga baƙin ruwa na tsiyaya shi ke nan. Shi ya sa kamfanin Meyle ke yin na roba zalla a madadinsa. Na uku shi ne foliyuretan, wani abu mai kama da roba amma ya fi ta tauri, irin na kamfanonin Powerflex da SuperPro, mai launi ja ko shuɗi ko shunayya. Yana ƙara wa sitiyari kaifi, man mota bai cika cin sa ba, amma duk gargadar hanya za ka ji ta a hannunka da kujerarka, in girisinsa ya bushe kuma ya dinga ƙiiƙii. Ga mai tsere da mota ya dace. Ga motar zuwa aiki da ɗaukar iyali, roba ta fi.

Ka canza hagu da dama tare, tunda tare suka tsufa. Wasu kusoshin kuma sau ɗaya ake ɗaure su, littafin motar zai gaya maka.

Ranar ɗauri ka tsaya a wurin. Ba a yi wa kusoshin bushin na roba ɗaurin ƙarshe tayoyi na reto a sama. Sai nauyin motar ya zauna a kan ƙafafunta tukuna. Aka ɗaure a sama, da an sauke jak robar ta murɗe, haka za ta zauna a murɗe har ta yage, ka zo kana zagin kamfanin da ya yi ta. Daga wurin bakanike kuma ka wuce alaimen, wato saitin ƙafafun mota, kai tsaye, kafin sababbin tayoyi su fara cin gefe.