Hattara da mai kawo bawul da taransifoma shagunan gyara a Katsina

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na masu gyaran rediyo ne, da masu haɗa amfilifaya, da kwamitocin masallatai, da masu ba da hayar kayan sauti, tun daga cikin birnin Katsina har Jibiya da Daura da Mai'adua. Akwai wani mutum da ke bin shaguna yana kawo kayan haɗa amfilifaya, musamman irin ta jita. Ya wanke mu tas, mu 11, kuma ina cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ba zan kama suna ba, don magana tana hannun hukuma, sannan sunan da ya ba mu daban ne da wanda ya fito a asusun da muka riƙa tura kuɗi. Salon aikinsa zan bayyana, shi ne zai sa ku gane shi ko da ya canza suna da hula.

Shagona yana wajen Ƙofar Ƙaura. A wurin maigidana na koyi sana'a, dattijon da ya fara tun zamanin rediyo mai bawul (kwalbar gilashi mai kama da ƙwan fitila da ke ƙara ƙarfin sauti), wadda sai an kunna an jira ta yi ɗumi kafin ta yi magana. Shekaru ke nan muna da majalisa bayan la'asar a ƙofar shagonsa, masu gyara na unguwanni daban-daban, ana shan shayi ana baje zanen sakit, wato taswirar yadda ake jona kayan ciki, a kan benci. Muna da ladubbanmu. Ba a yi wa mai tambaya dariya. Wanda ya samo zane ba ya ɓoye wa 'yan'uwa. Mitar da aka ara a dawo da ita kafin magariba. Yaro ba ya ƙaryata babba a gaban jama'a, baƙo kuwa a yi masa kara. Da waɗannan majalisar ta ɗore, kuma da su ɗin ne mutumin nan ya yi mana aiki.

Sha'awar amfilifayar jita ta shigo mana ne ta hanyar Buzaye makaɗa da ke zuwa daga Nijar ta Maraɗi, da yaran da ke kiɗa a coci-coci, da masu situdiyo. In kayansu sun lalace mu ake kawo wa. Wasu cikinmu suka fara marmarin haɗa tasu mai bawul tun daga tushe, don sautinta daban yake da na mai taransista.

Ranar da ya fara zuwa bai zo da ko allura ta sayarwa ba. Sallama ya yi, ya durƙusa ya gaida maigidana da "Baba, Allah ya ƙara lafiya", ya nemi gefen benci. Da hira ta yi hira ya zaro takarda daga aljihu, zanen Fender Champ ne, samfurin 5F1, ƙaramar amfilifaya mai kusan wat 5 da bawul uku kacal: 12AX7, da 6V6, da 5Y3. Ya ce da ita ya kamata mai koyo ya fara, kuma gaskiyarsa ne. Ya ba mu labarin yadda Jim Marshall, mai kamfanin amfilifayar Marshall, ya fara haɗa tasa a Landan a 1962 ta hanyar bin zanen Fender Bassman, wannan ma gaskiya ne. A nan nake so ku lura: mutumin ya san aiki. Wata rana yarona ya kai hannu cikin wata amfilifaya da aka cire daga wuta, sai ya riƙe masa hannu, ya nuna masa a mita cewa manyan kafasitocin ciki suna riƙe da sama da bolt 400 ko bayan an kashe, ya koya masa yadda ake sauke su da rezista. Wallahi tun daga ranar na saki jiki da shi. Wanda ya tsare maka ɗa daga mutuwa, ta ina za ka fara zarginsa?

Kusan wata biyu yana zuwa, yana bin jam'i da mu, wani lokaci shi ke biyan kuɗin shayi. Ya ba maigidana kyautar 12AX7 guda ɗaya, mai kyau kuwa, har yau tana aiki. Hausawa suka ce in ka ga kare yana sunsunar takalmi ɗauka zai yi, amma mu lokacin sunsunar ma ba mu gani ba.

Sai ya fara kukan tsadar kaya. Ya ce masana'antun da ke ƙera bawul sun ragu a duniya, sai ƙalilan a Rasha da Silobakiya da Sin, kuma tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 farashi ya tashi. Duk wanda ke bin harkar ya san haka ne. A kan wannan gaskiyar ya ɗora ƙaryarsa: wai yana da wa a Legas mai fiton kwantena, ya ci karo da tsofaffin bawul na Mullard 'yan Ingila da ba a taɓa amfani da su ba, da taransifomomi na jan ƙarfe zalla, da taransistocin Toshiba. In muka haɗa kuɗi aka yi sari ɗaya, kowa zai samu a rabin farashi. Rabin kuɗi yanzu, rabi in kaya sun iso.

Kashin farko ƙanana ne, suka zo cikin kwana goma, kuma lafiyayyu. Wannan shi ne tsaba. Kashi na biyu muka zuba kuɗi da gaske, ni kaɗai na ba da naira dubu 180. Kaya suka zo cikin kwalaye masu kyan gani, muka raba cikin murna.

Abin da ke ciki shi ne dalilin wannan rubutu, don ko ba wannan mutumin ba, irin kayan suna yawo.

Taransistocin 2SC5200 da 2SA1943, waɗanda kusan duk mai haɗa babbar amfilifaya ya san su, na asali an yi su ne su ɗauki bolt 230, amfiya 15, wat 150. Nasa a mita suna nuna lafiya lau, a ƙaramin sauti ma suna kiɗa. Da an ɗaga murya an ɗora musu lasifika mai om 4, sai hayaƙi. Daga baya muka sa ɗaya a bakin filaya muka fasa, muka fasa wata ta asali da ta ƙone tuntuni muka jera su. Ƙwayar da ke cikin tasa ba ta kai rabin ta asalin ba, an lulluɓe ta da wani farin danƙo. Rubutun bayanta kuwa da muka goga da auduga da tina sai ya fita kamar alli.

Kafasitocin da aka rubuta wa mikrofarad 10,000 ba su da nauyi a hannu. Da muka yanke gwangwanin ɗaya, sai ga wata 'yar ƙaramar kafasita a ciki an jona ta da waya biyu, sauran wurin iska ce. Wannan ba asarar kuɗi kaɗai ba ce. Kafasitar da aka ɗora wa wutar da ta fi ƙarfinta fashewa take yi, kuma fuskar mai gyara ce ke sunkuye a kanta.

Taransifoma ita ta fi ba ni takaici. Wayar ciki ja ce a ido, amma da aka kankare ta da reza sai fari ya bayyana: alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Alminiyam yana ɗaukar kusan kashi 61 cikin 100 ne na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi ke ɗauka, shi ya sa take zafi kamar dutsen guga kafin a yi rabin awa. Nauyinsa kuma bai kai sulusin na jan ƙarfe ba, don haka hannun da ya saba zai ji bambanci tun a ɗagawa. Ka kara ashana a ƙarshen wayar, ta jan ƙarfe za ta yi ja ta tsaya, wannan kuwa lanƙwashewa take yi ta narke.

Bawul ɗin "Mullard" tsofaffi ne da aka ciro daga matattun kaya, aka wanke, aka buga musu sabon tambari. Na gaskiya da aka yi a masana'antar Mullard da ke garin Blackburn suna da ƙananan lambobi da aka zana a jikin gilashin kansa, ba sa gogewa da yatsa. Nasa babu. Biyu daga ciki ma, wannan shafe mai ƙyalli kamar madubi da ke cikin gilashin ya koma fari fat, alamar iska ta shiga, bawul ya mutu tun kafin ya iso Katsina. Da muka nuna masa a lokacin cewa ya yi ƙura ce ta daɗewa a sito. Muka yarda!

Za ku ce ta yaya masu gyara 11, wasu da furfura, suka kasa ganewa har ya karɓi kuɗin kashi na uku? Ni ma na daɗe ina juya wannan a raina, kuma amsar ba ta yi mini daɗi ba.

Da taransistocina suka ƙone, wutar NEPA na fara zargi, sannan yarona, sannan lasifikar mai kaya. Da na ɗan yi ƙorafi a majalisa, sai ya ce cikin taushin murya, "Injiniya, ka kuwa duba saitin bayas ɗinka? Irin wannan yakan faru da kowa." A gaban yarana da abokan sana'a. Na yi shiru, don kada a ce hannuna ne ya gaza. Ashe abin da ya yi wa kowa ke nan. Sannan ya bi mu ɗaya bayan ɗaya a keɓe yana cewa, "Kai na rage maka saboda mutunci, don Allah kada sauran su ji." Kowa ya riƙe sirrinsa yana ganin shi ne na hannun dama, babu wanda ya kwatanta farashi ko ya faɗi abin da ya ƙone masa.

Wanda ya fara ganewa yaro ne ɗan shekara 17 da ke koyon aiki a shagon maƙwabcina. Tun ranar da aka sauke kaya ya ɗaga taransifoma ya ji ta shafal. Ya yi mako uku da maganar a cikinsa, don an koya masa ba a tsoma baki in manya sun gama magana. Mun saba cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, to a wannan karon yaron ne ya hango daga ƙasa, mu muna kan rimin. Sai da ya keɓe da maigidana ya ce, "Baba, a gafarce ni, ina so a kankare wayar nan a gani." Baba ya sa aka kawo reza. A daren nan kowa ya fito da abin da ya ɓoye, amma kuɗin kashi na uku sun riga sun tafi da kwana huɗu, wayarsa kuma a kashe.

Akwai wani ɓangare da ya shafi masallatai. Gab da azumi, lokacin da kowane kwamiti ke son gyara sauti saboda tafsiri da tarawihi, ya karɓi amfilifayar wani masallacin unguwa, tsohuwar Ahuja mai ƙarko, wai zai yi mata sabis fi sabilillahi. Ya dawo da ita tana sheƙi. Da ta mutu a tsakiyar wata aka kawo mini, na buɗe na tarar an cire taransifomar asali an sa irin tasa. Liman ya ce mini, "Malam, ai kunya ta hana mu tambayarsa, mutum ya yi aikin Allah." Duk kwamitin da ya ba wani baƙo kaya a irin wannan yanayi, a kai wa mai gyara na gida ya buɗe ya duba.

Ni ban ce a daina karɓar baƙo ko a daina raba ilimi ba, da haka ma ni na koya. Amma daga yanzu a majalisarmu duk wanda ya kawo kaya, ko ɗan uwa ɗaya uba ɗaya ne, za a zaɓi ɗaya daga tsakiyar kwali, ba wanda ya miƙo da hannunsa ba, a fasa a gaban kowa, mu raba kuɗin wanda aka fasa. Sabon haɗi ba ya shiga wuta kai tsaye sai an bi da shi ta ƙwan fitila mai zare na wat 60 ko 100, in ƙwan ya haska da ƙarfi ya tsaya a haka, a kashe a bincika. Farashi a faɗe shi a fili. In sunan asusu ya saɓa da na mai kaya, ko aka ce a tura wa wani mai POS, ba mu biya. Yaran shago kuma Baba da kansa ya ba su izini: wanda ya ga abin da bai gane ba ya faɗa a take, ba rashin kunya ba ne.

Wanda ya riga ya tura masa kuɗi, kada ya tsaya jin nauyi. Ya garzaya bankinsa da shaidar turawa, ya shigar da ƙara wurin 'yan sanda, ya ajiye kwalaye da saƙonnin waya, kada ya goge komai. Mu mun makara da kwanaki, kuma jinkirin ya cuce mu.

Wani abokin sana'a daga Daura ya kira ni shekaranjiya, ya ce wani mai irin wannan siffa ya fara zama a majalisarsu, har ya raba musu zanen ƙaramar amfilifaya mai bawul uku, bai kuma kawo maganar ciniki ba tukuna. 'Yan'uwa na Daura da Mai'adua, ku tura wannan ga duk mai riƙe da ƙarfen liƙi da dalma. Taransistar da muka fasa, da gwangwanin kafasitar, da wayar da aka kankare suna nan a kan teburin Baba. Mai son gani da idonsa ya zo bayan la'asar.