Hayar sono don taron jama'a a Tawa: sauti ya yi, mikro ya kasa

Akwai wani shagon hayar kayan sauti kusa da babbar kasuwar Tawa da ake yawan ɗauka don taron unguwa da zaman sauraron koke-koke. Abin da yake bayarwa: bafula 2, ampili 1, mikro mai waya 1, mara waya 1, ƙaramin gurup (injin wuta), da yaro mai kula da su.

Sautin ba laifi. Yaron ya san aikinsa: yana tada gurup tukuna, ya kunna ampili daga ƙarshe, in an tashi kuma shi yake fara kashewa. Yana kafa bafula a gaban teburin manya suna kallon jama'a, shi ya sa ba a jin kukan nan mai huda kunne. Wayar gurup ce gajera. Ku nemi a ƙaro ta kai mita 20, in ba haka ba ƙararsa za ta danne muryar tsofaffi.

Matsalar tana wajen mikro. Mai wayar a teburi yake zama, gaban kantoma ko mai gari. Ɗaya tak ya rage wa jama'a, kuma da batir masu arha yake zuwa, waɗanda ke mutuwa kafin taro ya yi nisa. Su wa ake bari sai ƙarshe? Mata, da ke zaune can baya a tabarma, da matasa. Ku sayi batir alkalin 4 da kanku, ku biya kuɗin mara waya na biyu, a ba mace ta riƙa zagawa da shi a ɓangaren mata. In akwai masu jin Tamashek, tafinta ma yana son nasa.

Tun da aka rusa majalisun gari a Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi, irin wannan zama shawara ce, ba a ƙuri'a. Ba kamar babban taron ƙasa na 1991 a Yamai ba, wanda hukuncinsa ya hau kan gwamnati. Saboda haka naɗar murya tana da amfani, sai dai shagon ba ya yi sai an roƙa. Ku zo da kile (USB) naku, kuma a sanar tun farko cewa ana naɗa, don wani zai gwammace ya yi shiru.