Hutu a Sakkwato: hunturu ko damina?

Mai shirin zuwa hutu Sakkwato ya cire bazara daga lissafi. A watan Afrilu zafi kan wuce maki 40, fanka ma iskar wuta take hurawa. Zaɓi na tsakanin hunturu da damina ne.

Hunturu, wajen Disamba da Janairu, shi ne lokacin yawo da ƙafa. Da hantsi ka ziyarci Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, inda aka binne shi a 1817, ka biya ta ƙofar fadar Sarkin Musulmi, ka leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu, ba gumi ko ɗigo. Babbar riga ma sai lokacin take daɗin sawa. Matsalar ita ce ƙura: farar shaddar da ka sa da safe, kafin la'asar ta koma ruwan ƙasa, leɓe kuma ya tsage in ba ka riƙe man kaɗanya ba. Hazo kan sa a ɗage tashin jirgi.

Damina kuwa gari ya yi sanyi, hanyar Wurno ta yi kore shar da gero, amma sauro ba ya ɗaga wa baƙo ƙafa.

Ni dai hunturu nake zuwa, da shadda mai duhu a jaka.