Kindirmo ko madarar gari ga Baba?

'Yar'uwa, tsakanin biyun nan da kika tambaya, ki nema wa Baba kindirmo. Tunda kin ce lafiyarsa ƙalau, cin abinci ne kawai ya ragu, ba sai kin kai ga tsadar gwangwani ba.

Innarmu tana ƙauye wajen Ringim. Da haƙora suka zube nama ya gagare ta, tuwo ma loma uku ta ture kwano. Sai muka yi magana da wata Bafulatana daga rugar bayan gari, kullum da hantsi ta kawo kindirmo, mu biya ta ranar kasuwa. Inna da kanta take dama furarta, ta hana a zuba sukari, wai ɓata ɗanɗano yake. Damina biyu ke nan, zanin da yake zame mata a ƙugu yanzu ya zauna. Har ƙawance suka ƙulla, ranar da matar ba ta zo ba Inna sai ta aika yaro ya dubo ko lafiya.

Kofi guda na madarar shanu, wajen mililita 250, yana ɗauke da kusan giram 8 na sinadarin gina jiki da miligiram 300 na kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi. Tsoho mai nauyin kilo 60 yana buƙatar wajen giram 60 na sinadarin gina jiki a yini, don haka nono ƙari ne, kada a janye masa wake da ƙwai. Kuma manya da yawa ɗanyar madara kan kumbura musu ciki ko ta sa zawo, amma idan nono ya kwana ya yi tsami, sukarin madarar yana raguwa, ciki ya fi karɓarsa.

Madarar gari kuwa, ba ta lalacewa da wuri, kuma da rani in shanu sun yi kudu tana rufa asiri. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan. Na taɓa sayen ta awo mudu guda a kasuwa, na yi da-na-sani: mai da zaƙi ne kawai, irin garin da ake faranta shayi da shi. In dole ce, ki sayi rufaffiya mai lambar NAFDAC, ki karanta jikinta, don wasu an cire musu man shanun an maye da man tsirrai.

Masu nonon ma akwai 'yan algus. Wata ta kwashe mai, ta tsuga ruwa, ta kaɗa da garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri, ta ce miki kindirmo ne alhali ko tsala bai kai ba. Ki tsoma ludayi: na kirki yana yankuwa gunduwa-gunduwa. Ki kuma tambaya ko an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, saboda tarin fuka na shanu yana bin ɗanya. In ba a tafasa ba, ki sayi madarar ki tafasa, in ta huce ki zuba ɗan tsohon nono ki rufe ya kwana.

Ki fara masa da rabin kofi, a ga yadda cikinsa zai yi.