Wasiƙa daga Bradford: motar da za ta ja min rumfar tsire

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, kai da iyali da Hajiya. Ka tambaye ni a waya dalilin da ya sa na rabu da Corolla, mota lafiyayya da ba ta taɓa kwana a gareji ba, na ɗauko Skoda, wadda ko sunanta ba a cika ji a Ƙofar Ruwa ba. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Ka san na sayi ƙaramar tirela mai rumfa, wadda nake gasa tsire a ciki ranakun Asabar da Lahadi. Da murhu da firji da tukwanen gas, na kai ta sikelin manyan motoci, ta yi kilo 1,200. Corolla tawa kuwa irin mai haɗa fetur da batir ce, kuma kilo 750 kawai kamfani ya yarje mata ta ja. A gida da sai mu ce ai inji na da ƙarfi, a ɗaura a tafi. A nan Ingila kowace mota na da ɗan faranti ko takarda a jikin ƙofa ko cikin bonet, mai lambobi huɗu. Ta farko nauyin motar da lodinta, ta biyu nauyin mota da tirela gaba ɗaya, sauran biyun abin da gatarin gaba da na baya za su ɗauka. Ka zarce wannan, ka karya doka, kuma in tsautsayi ya faru kamfanin inshora na iya zame jikinsa.

Sai na shiga tambaya. Mutanen nan akwai su da son mota, kuma jan ɗakin kwana mai taya, wanda suke kira karaban, al'ada ce babba gare su lokacin hutun bazara. Kowa da gwaninsa. Wani abokin aikina ya rantse babu kamar Land Rover Discovery, wadda ke jan kilo 3,500, amma da bakinsa ya faɗa min abin da gyaranta ke ci masa, jikina ya yi sanyi. Wani ya ce Hilux, ita ma haka take ja, kuma kai ka san amanarta. To amma ni ina kai yara makaranta, ina neman wurin ajiye mota a ƙuntataccen layinmu, me zan yi da Hilux kwana biyar a mako? Wanda ya fi gamsar da ni shi ne maƙwabcina, wani dattijo da ya shekara talatin yana jan karaban. Cewa ya yi ja ba shi ne wahala ba, tsayawa ce. Kada tirela ta wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar da ke janta, in dai ba ka goge ba. Ba doka ba ce, shawara ce ta ƙungiyoyin masu karaban, amma duk wanda ya san hanya yana girmama ta.

Da wannan lissafi na sayi Skoda Superb ta hannu, doguwa mai faɗin but, injin dizal, an yarje mata kilo 2,000. Abin da ya burge ni wajen sayen, Yaya, shi ne da lambar motar kaɗai na ga tarihinta a shafin gwamnati. Duk motar da ta haura shekara 3 sai an yi mata gwajin lafiya na MOT kowace shekara, kuma nisan tafiyarta da laifin da aka samu duk suna rubuce. Na tuna yadda muke zagaya motar Kwatano muna ƙwanƙwasa jikinta, muna shinshina hayaƙi, sauran kuma mu bar wa Allah.

Fitata ta farko da tirelar ce ta koya min karatu. Na hau M62 zuwa Manchester, hanyar da ke ratsa tsaunuka, iska kuwa ba a magana. Na jera tukwanen gas da buhun gawayi can ƙarshen tirelar don sauƙin sauke su. Wata babbar mota ta gifta ni, sai na ga tirelar a madubi tana kaɗa gindi, hagu, dama, kowane kaɗawa ya fi na baya, har sitiyari na rawa a hannuna. Salati kawai nake. Allah ya sa na tuna gargaɗin dattijon: kada ka taka birki, ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari daidai. A hankali ta lafa. Da na ba shi labari, ya ɗauko ɗan sikelin da mutum ke hawa ya auna nauyinsa, da guntun katako, ya tokare bakin tirelar a kai. Allurar ko kilo 20 ba ta kai ba, ashe nauyin duk ya koma baya, shi ya sa take kaɗawa. Muka dawo da kaya masu nauyi kan tayoyi, muka sake aunawa ya ba da 75. Tun ranar ba ta ƙara yi min haka ba.

Dokokin ba su da wuyar riƙewa. Mai tirela ba ya wuce mil 60 a awa kan babbar hanya, 50 a ƙarama, kuma ba ya shiga layin can dama in hanyar mai layi uku ce. Tirelar da ta haura kilo 750 dole ta kasance da birkinta. Tun Disambar 2021 aka daina neman jarrabawa ta musamman kafin a ja, abin da ni ban ga hikimarsa ba, don na ga abin da rashin sani ya kusa jawo min.

Inda gida ya fi su kuwa, bakanike ne. A nan kwamfuta za a jona wa motar, a caje ka kuɗin aiki awa-awa, a cire abu sukutum a sa sabo. Namu zai kasa kunne ya ji kukan inji, ya kwance kik ya gyara shi ya mayar, kana zaune kan benci kana shan shayi. Hannun da suka riƙe Fijo 504 ta Kaduna tana aiki shekara da shekaru, wallahi ina kewarsu duk ranar da na biya gareji.

Roƙona gare ka ɗaya ne. Igiyar nan da kake jan motocin da suka mace da ita a hanyar Zariya, ka canza ta da ƙarfe miƙaƙƙe, ko ka kira janwe in motar ta fi taka nauyi. Hilux ɗin da kake ciniki kuma, kafin ka biya ka nemo farantin nan ka turo min hotonsa, mu yi lissafin tare. A gaishe min da Hajiya da yara.