Zagayen keke a tafkin Konstanz: wace hanya za ka zuba wa kuɗinka?

Jama'a masu tambaya ta kan yawon keke a Konstanz in bazara ta shigo, ga bayanin a wuri ɗaya don na gaji da maimaita shi a waya. Konstanz gari ne a kudancin Jamus, bakin tafkin da Jamusawa ke kira Bodensee, daidai inda kogin Rhine ke fitowa daga babban tafkin, kuma garin manne yake da Siwizalan, ka tsallaka titi kawai ka tsinci kanka a Kreuzlingen. Hanyoyin keke huɗu ne mutane suka fi bi, kuma tun yanzu in gaya muku ni ɗaya ce tawa.

Wadda ake ta tallatawa ita ce zagaye tafkin gaba ɗaya, wajen kilomita 260, ka taka Jamus da Ostiriya da Siwizalan, ka bi ta Friedrichshafen da Lindau da Bregenz. Kamfanoni na sayar da ita a dunƙule, mako guda, otal da karin kumallo da motar da ke kai maka jaka gaba. In kana da kuɗi da hutu bismillah. Amma a watan Yuli da Agusta gefen arewa cunkushe yake da masu keken batir, kana tuƙi hannunka na kan birki, ga wasu wuraren ƙarar babban titi na bin kunnenka. Ta biyu kuma ka hau jirgin fito zuwa Meersburg, minti 15 ne, ka yi hotuna ka dawo. Wannan ai fita shan iska ce, kada ma a sa ta a lissafi.

Tawa ita ce zagayen ƙaramin tafkin da ke yamma, Untersee. Kilomita 70 da 'yan kai ne, mai ƙarfin ƙafa ya gama a yini ɗaya, mai iyali ya raba biyu ya kwana a hanya. Ka fito Konstanz da sassafe ka nufi tsibirin Reichenau, akwai wata siririyar hanya da aka cike a cikin ruwa, dogayen itatuwa sun jeru hagu da dama, ita ke shigar da kai tsibirin. Wurin tsohon mazaunin malaman coci ne tun shekarar 724, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina lambuna ne. Latas, tumatir, kokwamba, ko'ina gidajen gilas na shuka, kuma za ka ga ɗan tebur a ƙofar gida an jera kayan lambu da akwatin kuɗi ba mai gadi, ka ɗauka ka jefa kuɗin ka wuce abinka. Daga nan ka komo ka bi ta Allensbach zuwa Radolfzell, ka shiga yankin Höri inda akwai 'yan hawa da gangara masu sa cinya ta yi magana amma ba na kuka ba, har ka sauka Stein am Rhein da ke cikin Siwizalan. Garin nan dai sai ka gani, gidajen dandalin duk an zane bangonsu da hotuna tun daga ƙasa har rufi, a nan ne kuma tafkin ke tsukewa ya koma kogi sosai, ruwa garau kana hango ƙasansa daga kan gada. Dawowa ta gefen Siwizalan ne, Steckborn, Ermatingen, Gottlieben, wajen kilomita 30, yawancinta shimfiɗe.

Babban dalilin da ya sa na fifita ta shi ne jirgin ƙasa na bin ka kusan ko'ina. Gefen Jamus akwai wanda ake kira Seehas tsakanin Konstanz da Radolfzell, gefen Siwizalan ma layin dogo na bin bakin ruwa tasha bayan tasha. Yaro ya gaji, sarƙa ta tsinke, hadari ya haɗo, sai ka tura keken zuwa tasha mafi kusa. A yankin Höri ne kawai babu jirgin ƙasa, to nan ka tabbatar tayarka lafiya take. Sai dai a jiragen Siwizalan keke ma sai an yanka masa tikitinsa, kada ka shiga haka nan.

Ta huɗu ƙari ce a kan tawa, daga Stein am Rhein ka miƙe bin kogi kamar kilomita 20 zuwa Schaffhausen, gaba kaɗan ga inda ruwan Rhine ke faɗowa daga tsayin mita 23, faɗinsa mita 150. Yana da kyau, amma motocin 'yan yawon buɗe ido sun riga ka zuwa.

Yanzu maganar da ta fi hanyar kanta muhimmanci, wato keken da za ka hau. Nan ne ake cin mutane. Wani shagon haya ya taɓa ba ni keken batir, mai shagon na rantsuwa zai yi kilomita ɗari a caji ɗaya, ban ko kai rabin hanya ba ya mutu murus, kuma wanda bai taɓa tuƙa keken batir ba wuta ba bai san wahala ba, kamar kana tura kurar ruwa a hawa. Da na mayar kuma ya nuno wani ƙarce a jikin ƙarfen ya ce ni na yi, ya zaftare daga kuɗin ajiyata. Tun daga nan ba na karɓar keken haya sai na ɗauke shi bidiyo a gaban mai shi, gaba da baya, na kunna allon na ga cajin a cike, na tambayi shekarun batirin, na ce a haɗo min da caja. Kuɗin ajiya a rubuta a rasit, a kuma rubuta wa zai biya in an sace keken yana kulle. Wanda ya ce maka ba komai ai mun yarda da juna, fita ka nemi wani shagon. Ka matsa birki biyun, ka canza giya daga ta farko har ta ƙarshe a ƙofar shagon, ka daidaita sirdi da tsayinka, ka nemi famfo da kayan faci. Don zagayen Untersee ma ni ban ga dole sai na batir ba, keke mai giya lafiyayye ya isa, kuɗin hayarsa ma ya fi sauƙi.

Masu cewa gara su sayi na hannu a intanet su huta da haya, ku yi hattara. Keke mai tsada a kuɗin banza, ba rasit, mai sayarwa ya ce ku haɗu a bayan tashar jirgi da dare, caja kuma wai ta ɓace, wannan na sata ne. A dokar Jamus kayan sata ba ya zama naka ko da ka biya ba ka sani ba, 'yan sanda su duba lambar jikin ƙarfen su karɓe, kuɗinka ya bi ruwa, ga tambayoyi a kan baƙo mai takardar zama. Ka nemi rasit na asali, ka duba lambar ba a kankare ta ba, ku rubuta takardar ciniki da sunansa. Akwai kuma kekunan batir masu taya ƙatuwa da ake yi wa dabara su wuce gudun da doka ta yarda. Keken batir na yau da kullum injinsa na daina taimaka maka a gudun kilomita 25 a awa, wanda ke kai 45 kuwa sai da lambar inshora da hular kwano da lasin, kuma a Jamus galibi ba a hawa hanyar keke da shi. Haka ɗakunan kwana, lokacin bazara wuri na wuya sai ka ga tallan gida bakin ruwa da araha, a ce ka tura kuɗi ta banki kafin a aiko maka makulli. Ba gidan, hotunan ma na wani ne.

Sai iyaka. Ba shinge kake gani ba amma ƙasa biyu ce, ka riƙe fasfo da katin zamanka, don tun Oktoban 2023 Jamus ta dawo da bincike a iyakarta da Siwizalan. Wanda takardarsa ta neman mafaka ce ba a gama ba, kada ya tsallaka ko da taku ɗaya, ya tsaya Reichenau da Radolfzell. Layin wayar Jamus da yawa ba su haɗa da Siwizalan ba, ka kashe data tun kafin Stein am Rhein, ka sauke taswira a waya tun daga gida. Riƙe waya a hannu kana tuƙi tarar Yuro 55 ce. Abinci a gefen Siwizalan tsada, ka yi guzuri, amma nama kilo 1 kacal aka yarda mutum ya shiga da shi ba haraji, masu son gashi a bakin ruwa ku lura. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke. Akwai masallaci a Konstanz kan titin Reichenaustrasse, kusa da hanyar da za ka bi in ka fita ko ka dawo, kuma a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, don haka shagon haya zai rufe tun ido na ganin ido, ka tambayi ƙarfe nawa suke tashi kada a lissafa maka kwana biyu.